Likita ta ce ni zan zaɓa: a sake min aiki ko in haihu da kaina?

Anti barka da war haka. Shekarata 27, cikina wata bakwai, na biyu kenan. Na farko aiki aka yi min saboda yarinyar ta zo a zaune, yanzu shekararta biyu da rabi. Da na je awo wancan satin likitar ta ce zan iya gwada haihuwa da kaina, zan kuma iya cewa a sa min rana a sake aiki, sai ta miƙo min wata takarda mai layi-layi da lambobi wai in je gida in cike in dawo mu yi magana. Wallahi Anti abin ya ban haushi, ita da ta yi karatun ba za ta faɗa min abin da zan yi ba sai ni? Ga uwar mijina ta ce a zuri'arsu ba a yanka mace sau biyu, in taho gida akwai ungozomar da ta karɓi haihuwar duk 'ya'yanta. Yayata kuma ta ce wadda aka taɓa yi wa aiki ita da haihuwa da kanta har abada. Maigidan bai ce komai ba amma na san kuɗin aikin yake tunani. Ni kuma ina son 'ya'ya da yawa. Ko barcin kirki ba na yi.

Ƙanwata sannu, Allah Ya raba lafiya.

Haushin nan da kika ji na gane shi sarai. Mun saba in mun je asibiti sai dai a ce kwanta, tashi, sha wannan safe da yamma, dawo ranar kaza, ba mai tambayarmu me muke so, to ranar da aka tambaye mu sai mu ga kamar an yar da mu. Amma likitar nan ba gudun nauyi take ba, mutunta ki ta yi. Akwai abubuwan da likita ba ta tsayawa ba da takarda a kansu, in mabiyiya ta sauko ta toshe bakin mahaifa, ko jijjiga ta taso, ko jini ya ɓalle, magana ɗaya ce za a faɗa miki kuma da gudu. Inda ake ba mace zaɓi shi ne inda hanyoyin biyu duk masu ɓullewa ne, kowacce da amfaninta da haɗarinta, kuma abin da zai raba gardamar ba ya cikin littafin likita, yana wurinki. Ita ta san mahaifa, amma ba ta san 'ya'ya nawa kike fata ba, ba ta san nisan gidanku da asibiti ba, ba ta san ko akwai mai ɗaukar miki yarinyar nan in kina kwance da ɗinki ba, ba ta san me ya fi tsorata ki ba in kin farka cikin dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ki sani haƙƙinki ne, dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa mara lafiya hanyoyin da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowacce, a yaren da yake ji. Don haka in takardar da Turanci take kuma akwai inda ya shige miki duhu, ki koma ki ce a warware miki da Hausa, ba alfarma kike nema ba.

Irin takardar nan ba wannan likitar ce ta ƙirƙiro ta ba. An daɗe ana amfani da su, wasu a takarda wasu a waya ko kwamfuta, kuma wadda ta fi shahara masu bincike ne a Ottawa ta ƙasar Kanada suka tsara ta. Aikinsu shi ne su jera miki zaɓin da ke gabanki, su ba ki lambobi na gaskiya maimakon "an ce" da "wance ma haka ta yi", sannan su sa ki auna abin da ya fi muhimmanci a wurinki. An ma gwada su a kan matsala irin taki sak. A 2007 an wallafa wani bincike da aka yi da mata 742 a Ingila da Sikotland, dukkansu an taɓa yi musu aiki sau ɗaya suna ɗauke da wani cikin, waɗanda aka ba su irin wannan abin a kwamfuta sun fi sauran sanin abin da ke gabansu, sun fi su ƙarancin ruɗewa da fargaba. Kinga kenan rashin barcin nan naki ma yana cikin abin da aka yi takardar don shi.

To mu zo kan maganar Yaya. Ba haka ba ne, tsohuwar magana ce ta zamanin da ake yanka mahaifa a tsaye ta sama. Yanzu yawanci a kwance ake yankawa ta ƙasan mahaifa, kuma wannan tabon ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kwalejin likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce cikin mata 100 da aka taɓa yi wa aiki sau ɗaya suka gwada naƙuda, 72 zuwa 75 suna haihuwa da kansu. Wadda ta taɓa haihuwa da kanta kafin nan ko bayan nan, nata ya kai 85 zuwa 90. Ke ba ki taɓa ba, amma kina da wani abu a gefenki, dalilin aikinki na farko kwanciyar yarinya ne, ba wai ƙugunki ne ya gaza ba, kuma ba lallai kwanciyar wancan cikin ta maimaitu a wannan ba. Masu irin dalilinki sun fi waɗanda aka yi wa aiki saboda doguwar naƙuda samun nasara. Tazarar ma ta yi, shekara biyu da rabi, abin da ake gudu shi ne haihuwa ta biyo aiki kusa-kusa tabo bai gama ƙwari ba.

Sai dai abu ɗaya, kar ki duba tabon da ke kan fatar cikinki ki ce ai a kwance yake shikenan. Yankan fata daban, na mahaifa daban, ana iya yanka fata a kwance a yanka mahaifa a tsaye. Abin da zai faɗi gaskiya shi ne rubutun da likitan da ya yi aikin ya yi a fayil ɗinki. In a wani asibitin aka yi, don Allah ki sa maigidan ya je da katinki ya nemo rahoton tun yanzu, kar a bari sai naƙuda ta kama. In ya tabbata a tsaye aka yanka ta sama, to maganar gwaji ta faɗi, aiki za a yi.

Yanzu haɗarin, ba zan ɓoye miki ba. Babban abin tsoro a gwada naƙuda shi ne tabon ya buɗe, mahaifa ta fashe. Lissafin da kwalejin nan ta Birtaniya ta bayar mace 1 ce cikin 200. Ki karanta lambar nan ta fuska biyu, don haka takarda mai kyau take yi: 1 cikin 200 abin zai same ta, 199 ba zai same su ba. Ba shi da yawa, amma in ya faru ba ya jira, uwa na iya zubar da jini mai yawa, ana iya cire mahaifar gaba ɗaya, jariri na iya rasa iska cikin mintoci. Sannan kusan 1 cikin 4 na masu gwadawa ƙarshenta aikin gaggawa ake yi musu bayan sun sha naƙuda, kuma aikin gaggawa ya fi wanda aka shirya matsala. In kuwa aka sa rana, yawanci a sati na 39, fashewar mahaifa ta yi ƙasa ƙwarai, ba ta kai 2 cikin 10,000 ba, kin san ranarki, an tanadi jini, likita ya yi barcinsa ya zo da safe. Matsalarsa kuma ita ce kwanciyar asibiti ta fi tsawo, jinya kusan sati shida ba ɗaukar abu mai nauyi ga ki da 'yar shekara biyu da rabi mai son a goya ta, akwai yiwuwar ciwon ya yi ruwa, kuma jariran da aka ciro ba tare da naƙuda ba sun ɗan fi samun matsalar numfashi a kwanakin farko.

Amma ni layin da ya fi tsaya min a wasiƙarki shi ne "ina son 'ya'ya da yawa", kin sa shi can ƙarshe kamar ba komai ba alhali shi ne kusan rabin lissafin. Yawancin takardun nan an rubuta su ne a ƙasashen da mace ke haihuwar biyu ko uku ta tsaya, don haka ba lallai su ba wannan maganar girman da ya dace da mu ba. Kowane aiki yana barin tabo, kayan ciki suna mannewa da juna, aiki na gaba ya fi na baya wuya. Mafi muni shi ne mabiyiya ta zauna a kan tsohon tabon ta kafe cikin naman mahaifa, a haihu ta ƙi fita, jini ya yi ta zuba har sai an cire mahaifa. Wani babban bincike a Amurka a 2006, na mata sama da 30,000 da aka yi wa aiki, ya nuna a aiki na farko da na biyu abin bai kai rabin 1 cikin 100 ba, a na huɗu ya haura 2 cikin 100, daga na shida zuwa sama ya kusa 7 cikin 100. Kuma in aka yi miki na biyu yanzu, da wuya a yawancin asibitocinmu a sake barin ki gwada naƙuda, kin hau layin aiki kenan. In kuwa kika haihu da kanki wannan karon, na gaba ya fi sauƙi, kin shiga cikin 'yan 85 zuwa 90 ɗin nan. Shi ya sa mace mai son biyu ta rufe da mace mai fatan shida, takarda ɗaya za a ba su, lambobi ɗaya za su karanta, amma amsarsu ta bambanta kuma duk sun yi daidai.

In kin tambaye ni ra'ayina, a yadda kika bayyana, gwada haihuwa da kanki abu ne mai kyau ƙwarai da ya kamata ki duba da idon basira. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi ra'ayin nawa nauyi. Duk lambobin da na kawo miki daga asibitocin da ke da ɗakin tiyata a buɗe dare da rana suka fito, da likita a kusa, da mai ba da allurar barci, da jini a ajiye, da na'urar da ke bin bugun zuciyar jariri tun daga farkon naƙuda har ƙarshe, don sau da yawa canjin bugun zuciyar jariri shi ne alamar farko cewa tabo ya fara buɗewa. 1 cikin 200 a irin wannan wurin daban, a wurin da sai an buga waya an nemo likita daga gida an kuma je neman man janareta daban. Saboda haka ki ƙara wa takardar wani layi da hannunki, ki je da shi awo ki tambaya ba kunya: in naƙuda ta kama ni ƙarfe biyun dare ranar Asabar, akwai likitan da zai iya aiki a cikin asibitin ko sai an kira shi? Daga yanke shawara zuwa shiga tiyata minti nawa yake ɗauka a nan? Akwai jini a ajiye ko sai mun kawo masu bayarwa? Da me za a riƙa duba bugun zuciyar yaron, kuma sau nawa? In ana yajin aiki ina za mu nufa? In amsoshin ba su kwantar miki da hankali ba, ko ki nemi a tura ki babban asibiti tun yanzu, ko ki zaɓi a sa rana. Wadda gidanta ke da nisa sosai da asibiti ko hanya ba tsaro da dare, sa rana ba gazawa ba ce ko kaɗan, hankali ne.

Wannan ya kawo mu kan Hajiya uwar mijinki. A nan kam babu layi biyu, babu auna wannan da wancan. Mace mai tabo a mahaifa ba ta naƙuda a gida, ko da wace ungozoma ce, ko shekara nawa ta yi tana karɓar haihuwa. Ba raina ta nake ba, hannunta na iya zama mai albarka, amma in mahaifa ta fashe ba abin da hannu zai yi, wuƙar likita da jini kawai ke ceto, kuma kafin a samo mota a fito daga gari an makara. Haka maganin naƙuda kowane iri, na jiƙo ne, na kemis ne, allura ce ko ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe ko a gaba don naƙuda ta yi sauri, kar ki yarda ko da wasa. Ko a asibiti, tayar da naƙuda da magani yana ninka haɗarin fashewar tabo sau biyu zuwa uku, shi ya sa likitoci ke taka-tsantsan da shi, ballantana a ɗaki ba mai duba ki. Haka masu danna ciki wai su taimaka wa yaro ya sauko. A'a.

Kuma ba ke za ki tsaya gaban Hajiya kina musu da ita ba, ba tarbiyyarmu ba ce kuma ba zai yi amfani ba. Aikin ɗanta ne. Ki lura ma, abin da take so da abin da kike so ba su yi nisa da juna ba, ita ba ta son a sake yanka ki, to hanyar da ta fi kusa da hakan ita ce ki yi naƙudar a asibitin da ya dace. In maigidan ya je mata da shi a haka, "Hajiya likita ta ce za a bar ta ta gwada da kanta amma sai a gabansu", zai fi shiga. In da hali ma a tafi da ita awo ɗaya ta ji daga bakin likita ko wata babbar nas, tsofaffi sukan saurari farin kaya fiye da suruka. Ki ce mata kuma kina son ta zo ta zauna da ke a asibitin, kar ta ji an ture ta gefe.

Yadda za ki cike takardar kuwa, ki fara ke kaɗai. Ki samu lokacin da yarinya ta yi barci, ki ɗauki biro, ƙarƙashin kowace hanya ki rubuta abin da ya ja ki gare ta da abin da ya tsorata ki, da Hausarki, ba sai da kalmomin likita ba. Sai ki ba kowanne maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ya dame ki, ta Ottawa ɗin taurari ake sawa. Misali "in samu damar haihuwa da yawa nan gaba" wataƙila 5 ne a wurinki, "in san ranata in shirya" wataƙila 2, "tsoron in sha naƙuda kuma a ƙare da aiki" ke kika san nawa ne. Ki yi gaskiya, in abin da ke ranki shi ne gorin da ake yi wa wadda aka yi wa aiki, wai raguwa ce ba ta san zafin haihuwa ba, ki rubuta shi ki kalle shi da kyau ki ga ko ya cancanci ko maki ɗaya. Ni a wurina bai cancanta ba, matar da aka tsaga cikinta aka ciro ɗa ta tashi washegari tana shayarwa da ɗinki a jiki ba wanda ya isa ya kira ta raguwa. Akwai kuma wurin da ake tambaya wa ke goya miki baya, wa ke matsa miki. Ki rubuta Hajiya, ki rubuta Yaya, ki rubuta abin da kowa ke so, sai ki ja layi ki raba nasu da naki, don yanzu haka muryoyinsu sun cakuɗe da taki shi ya sa kika kasa jin kanki. A ƙarshe ki tambayi kanki abu huɗu: na san amfani da haɗarin kowacce? Na san wanne ya fi min muhimmanci? Ina da mai tallafa min? Zuciyata ta natsu? Duk wadda amsarta a'a ce, ita za ki kai wa likita. Ki yi istihara kuma, ba ta hana shawara, shawara ma ba ta hana ta.

Bayan nan sai ki zauna da maigida. Shirun nan nasa kar ki fassara shi ke kaɗai, ki tambaye shi, wataƙila kuɗin ne wataƙila kuma tsoro ne irin naki bai san yadda zai faɗa ba. In kuɗin ne, ku sani cewa ko kin zaɓi gwadawa dole a tanadi kuɗin aiki a ajiye, tunda 1 cikin 4 ana ƙarewa a can, kar a zaɓi naƙuda don arha sannan a tsaya neman rance ke kina kan gado. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata masu ƙaramin ƙarfi aikin haihuwa kyauta, ku tambaya ko asibitinku na cikin waɗanda ke yi da kuma abin da ake buƙata don shiga. Ku yi maganar sa hannu ma tun yanzu, mata da yawa sun galabaita ana jiran a nemo miji ya zo ya sa hannu a fom, ku gaya wa likita a rubuta a fayil cewa in buƙatar aiki ta taso kin amince kuma ya amince. A san rukunin jininki, a samu mutum biyu cikin dangi da za su iya bayarwa, a samu lambar mai motar da zai ɗaga waya da dare. Ki dage da shan maganin ƙarin jinin da ake ba ku a awo, mace mai isasshen jini ta fi jure duk abin da ya zo.

Abin da kika rubuta yau kuma ba alƙawari ba ne da ba a warwarewa. Wajen sati na 36 za a sake duba kwanciyar yaro da girmansa, kuma ki tabbata an yi sikanin an ga inda mabiyiya ta zauna, wannan dole ne ga duk mai tabo. In wannan ma ya zo a zaune ko a gicciye, ko mabiyiya ta sauko ƙasa, lissafi ya canza sai a sake zama. In kin zaɓi a sa rana, ki tambaya me za a yi in naƙuda ta riga ranar zuwa, don yana faruwa. In kin zaɓi gwadawa, ki tambaya har zuwa wane sati za a jira ki.

Ko wanne kika ɗauka, da kin ji naƙuda ta fara ko faya ta fashe ki kama hanya, kar ki bi shawarar nan ta "zauna a gida sai ta kankama", wannan ba taki ba ce. In kika ji ciwo a kan tabon wanda ba ya lafawa tsakanin murɗa da murɗa, ko kika ga jini, ko jiri, ko motsin yaro ya ragu, ko naƙuda tana cikin yi ta tsaya cak, ki faɗa da ƙarfi a take, kuma duk ma'aikacin da ya karɓe ki kalmar farko da za ki gaya masa ita ce an taɓa yi min aiki.

Ki cike takardar a satin nan, ki tafi awo na gaba da maigidan da rahoton aikin farko in an samo. Allah Ya sauke ki lafiya ƙanwata, ki rubuto min yadda kuka yi da likitar.